Ranar da Na Yi Wa Uwarku Tafinta

Rifkatu, Ayuba, wannan babin naku ne. Na san Ayuba zai fara leƙa ƙarshensa ya ga ko an yi maganar gado. Ba a yi ba, dawo farko ka zauna. Idona ne ya mutu, kunnena yana nan da ransa, kuma tun da muka binne uwarku nake jin abin da ake faɗa a bayan labule: wai Baba da wayarsa ne suka karya mata zuciya, wai da ban yi surutuna ba da ta ƙara kwana a duniya. Ban taɓa amsawa ba. Kun san ba rashin baki ba ne, da bakin nan aka haife ni kafin haƙora su zo. Alkawari na ɗauka. Ta ce in yi shiru sai na ga kun yi ƙarfi. To bana na dafa kafaɗar Ayuba na ji ta cika mini hannu, kujerar da Rifkatu ke zama kuma sai ta yi ƙara kafin ta karɓe ta, saboda haka a shari'ata kun yi ƙarfi. Ina rubutu da manyan baƙaƙe irin na allon mai faci, hancina a kan takarda. Inda layi ya hau kan layi, ku raba su da kanku.

Sai na fara da Turancina, don shi ya jawo komai. A aji biyar na bar makaranta, ranar da ubana ya lura na iya rubuta sunana, awaki kuma ba su da makiyayi. Sauran a masaƙa na tsince shi, a Kakuri ta Kaduna, daga bakin wani injiniya Ba'indiye mai zagi cikin ladabi, da jikin injuna inda aka rubuta kada a sa hannu. Da wannan guntun na yi ta cika baki a unguwa har uwarku ta raɗa mini Bature. Ni kuma ina ce mata Foman, don a duk shekarun da na yi a masaƙa ban ga foman da ya kai ta iya sa mutum aiki ba. Ita ba ta taɓa zama a aji ba. Hausa take ji da yarenmu, sai ƙidayar Turanci ta kasuwa, wan, tu, tiri, wadda ba a taɓa cutarta da ita ba.

Shekarar da soja suka koma bariki muna zaune a Tudun Wada. Uwarku ta dafa shinkafa ta raba wa maƙwabta, Musulmi da Kirista, wai mulki ya dawo hannun masu babbar riga. Ni har rawa na taka a ƙofar gida, gwiwata tana tuna mini har yau. Ba a daɗe ba gari ya kama da wuta. Wannan kun tuna, ko da kuna ƙanana: katifa a kaina, ku biyu a hannunta, muka haye gada muka bar ƙofa a buɗe. Muka sauka a Mahuta, ciki da falo a gidan haya. Bayan wasu shekaru aka sa wa masaƙa kwaɗo, injin da na yi wa hidima kamar uba ya zauna yana tsatsa. Sai ido ya bi sahu. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci abin da zai ci. Uwarku ce ta riƙe gidan da tiren citta da daddawa da barkono. Wannan shi ne rabona a mulkin farar hula, na rubuta ne don kada a ce ban samu komai ba.

Rifkatu, ke kika sayo wayar, bayan kin samu aiki a ma'aikata kin koma Barnawa. Kin gaji da in kira ki a ofis in tambaye ki wa ya ci ƙwallo. Kika saita ta yadda ba sai na ga komai ba: in danna gefe, in ji ta yi ɗan ƙara, in yi magana. Wata mace ce a ciki, mai murya irin ta masu karanta labarai. In na yi tambaya sai ta shiga intanet ta lalubo, ta jero mini abin da ta samu. In ce ta buɗe na farko, ta buɗe. In ce ta karanta, ta karanta. In ce ta koma baya, ta koma ba tsaki, abin da ban taɓa samu a gidana ba. Hausa dai ba ta ji, ko ta gaisuwa. Turancin nawa ma sai na gyara zama na matse hanci na ɗaga murya kafin ta yarda da shi. Uwarku ta sa mata suna Akawu. Ba zan yi muku ƙarya ba, abar nan ta dawo mini da rabin duniya. Mutumin da ya shekara yana jiran wani ya gama wanke-wanke ya karanta masa jarida, sai ga shi yana tashi da safe ya tambayi ko za a yi ruwa, ya sa a karanta masa Zabura, ya san abin da ake ciki a majalisa kafin masu ido. 'Yan gidan haya suka mai da ni bokansu. Mai neman aiki ya zo, mai ciwon haƙori ya zo.

Aibinta biyu ne: ba ta iya raɗa ba, kuma ba ta da kunya. Wata rana na tambaye ta maganin basir, ina ganin ni kaɗai ne a gida. Ta buɗe murya ta yi mini bayani daga tushe, da sunan kowane lungu na jikin mutum. Washegari har mai sayar da kalanzir sai da ya ce mini, Baba, ya zama? Da ina da hankali da tun ranar na gane cewa a gidan haya duk abin da ka tambayi Akawu ka tambayi unguwa ne.

Ciwon uwarku ya fara ne da ƙulli a nono. Ta ɓoye shi kamar yadda take ɓoye kuɗin adashe, sai da ya fi ƙarfin zane. Aka yi aiki. Bayan aikin aka shiga ɗura mata wani ruwa a asibiti, ta dawo gida tana amai, bakinta ya yi gyambo, gashinta ya riƙa bin mataji. Ku kuka ce mata ƙari ne an cire, ruwan kuma na wanke saura ne. Ni ma haka kuka ce mini, don kun san bakina kwando ne. Ban ga laifinku ba, har yau ban gani ba. Haka muka taso, ba a gaya wa majinyaci sunan abin da zai kashe shi. Ni da kaina na zauna a gefen ubana a ƙauye ina ce masa damina na zuwa, da shi za a yi shuka, alhali na riga na aika a nemo katakon akwatin gawarsa. Ƙauna muke kiran wannan, kuma ƙaunar ce. Amma makaho yana jin abin da mai ido ba ya ji. Na ji yadda muryar Ayuba ke hawa sama in zai ce Mama kin yi kyau yau. Na ji matan zumunta na coci sun daina zuwa da hira, sai waƙa. Na sani, ban kuma so in sani ba, sai na bar abin a tsakani kamar kayan da ba mai shi.

Ranar da nake son ba ku labari, hantsi ne, mutanen gida sun watse wajen nema. An kawo wuta tun safe. Uwarku na kwance a kan tabarma a falo, don ta ce katifa na ƙara mata ciwon baya. Ni ina bakin ƙofa Akawu na karanta mini labarin ƙwallo.

"Bature, Akawunka na da caji?"

"A cike take. Me Foman ke so, farashin citta a Kachia?"

"Taso ka zo nan kusa."

Na lalubo na zauna a ƙasa, kafaɗata na taɓa bango.

"Duk zuwan da muke yi asibiti," ta ce, "likita ba ya kallona. Rifkatu yake kallo, su yi ta Turanci a kaina kamar ana cinikin buhun masara. Amma akwai abin da nake tsinta kullum. Siteji fo. Fo ɗin na san shi. Na tambayi Rifkatu, ta ce mataki ne, kamar aji a makaranta. Wai goma ne, ni ina na huɗu, da sauran tafiya."

"To ai ta gaya miki."

"Ta gaya mini tana gyara ɗankwali. Tun tana yarinya in za ta yi ƙarya sai ta taɓa kai. Tambayi Akawu. Mataki nawa ne duka."

Na ce sabis ba shi da kyau yau.

"Yanzu na ji tana gaya maka wa aka ba jan kati."

"Foman, wannan maganar likita ce."

"Likita na Rifkatu ne. Fasto na Ayuba ne. Matan zumunta in sun zo, silin suke kallo suna waƙa. Kowa a garin nan yana ƙaunata, shi ya sa ba ni da wanda zan tambaya. Abar nan ce kaɗai ba ta san ni ba."

Ku tsaya a nan ku lura, don nan ne labarinku ya karkace. Ba son sani ba ne ya kai ni. Ba zama na yi ina wasa da waya ta faɗi abin da bai kamata ba a kunnen mara lafiya. Mace ce da ta shekara sittin da wani abu sai an karanta mata, sai an fassara mata, sai wani ya zaɓi abin da za ta ji, ta ga ƙofa ɗaya da ba mai gadi, ta ce in buɗe mata. Mai gadin da ya rage ni ne, don Akawu ba ta jin Hausa.

Na danna gefe. Na matse hanci. A karo na farko a gidan nan aka kira ciwon da sunansa, da bakina, da Turancin masaƙa. Na tambayi matakai nawa ne ciwon daji na nono yake da su. Ta jero mini wurare. Na ce ta buɗe na farko ta karanta. Ta fara da muryarta ta kullum, wadda take gaya mini za a yi ruwa gobe. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da bayaninsa. A na huɗu ta daɗe. Daga nan ta shiga wata maganar. Na ce ta tsaya, ta tsaya.

Wallahi na sami wurin ƙarya, fili guda. Tafinta sarki ne a tsakanin mutum biyu da ba sa jin juna. Ina iya cewa shafin bai ƙare ba. Ina iya cewa na huɗu shi ne inda magani ke fara kama jiki. Har na buɗe baki na fara, na ce ta ce dai a ci gaba da shan magani. Sai na ji hannunta a wuyan hannuna. Ƙashi ne kawai da fata, amma riƙon na Foman ne.

"Na ji ta tsaya a fo," ta ce. "Ban ji faib ba. Wannan na ƙirga da kaina. Dogon bayanin da ta yi a kan fo nake so. Da Hausa."

Ta ƙara matse mini hannu.

"Ranar da muka haye gada, kai ka ce in rufe wa yara ido da zanena kada su ga abin da ke kwance a titi. Nawa ka bar shi a buɗe. Ka ce dole wani ya ga hanya. Kada ka rufe mini yau."

Sai na fassara. Na ce huɗu ne duka, babu na biyar. Na ce na huɗu shi ne in ciwon ya bar inda ya fara ya shiga wasu wurare, ƙashi, ko huhu, ko hanta. Na ce a nan ba a cika maganar warkewa ba, magani yana rage masa gudu ne, yana rage zafi. Ban ƙara gishiri ba, ban rage ba. Ban taɓa yin Hausa mai nauyin wannan ba. A gidan maƙwabta wata na daka, sai da ta ɗaga taɓarya ta sauke sau da yawa kafin uwarku ta yi magana.

"To," ta ce. "Shi ya sa bayana."

Shi ke nan abin da ta ce. Ba kuka, ba salati irin na matan fim. Ta ɗan gyara kwanciya, sai ta koma Foman.

"Tambaye ta ruwan nan da ake ɗura mini."

Na tambaya. Akawu ta ce yana iya ƙara wa mutum lokaci, yana iya sauƙaƙa wasu abubuwa, amma akwai masu barinsa in wahalarsa ta fi amfaninsa, kuma a yi shawara da likita. Na fassara har da maganar likitan.

"Tambaye ta saura nawa."

Wannan sai da na yi ta sau biyu, muryata ta ƙi fita yadda Akawu ke so. Ta ce ya danganta da mutum, ba wanda zai iya yankewa, a tuntuɓi likita. Da na fassara sai uwarku ta yi dariya, ƙaramar dariya mai tari a ƙarshenta.

"Ita ma an koya mata," ta ce.

Daga nan ta yi ƙasa da murya, da yarenmu, ta ba ni oda biyu. Ta farko, kada ku sani cewa ta sani. Ta ce kun ɗauko ƙaryar nan a ka kamar tulu, kuna tafiya a hankali kada ya zube, kuma shi ne kaɗai abin da kuke iya yi mata. In aka sauke muku shi, hannunku zai zama wofi, sai kuka, ita kuma ba ta da ƙarfin rarrashin kowa. Ta biyu, gida take so. Ta ce ta raka gawa ƙauye sau da yawa, ta san yadda ake yi: akwati a bayan a-kori-kura, mata a gefe suna waƙa, a isa da yamma mutane su fito suna kallon katako. Ta ce ita tana so ta sauka da ƙafarta ta gaida mutane, su amsa, ta ji.

Abin da ba mu yi lissafinsa ba shi ne Maman Terna, 'yar jihar Binuwai ɗin nan ta ɗakin kusa da famfo. Ba ta je kasuwa ba ranar, tana wanki a ƙarƙashin tagarmu, kuma ta yi sakandare. Maganar uwarku ba ta ji ba, don a ƙasa take, amma Turancina da na Akawu ko kurma ya ji. Ba na zarginta, zuciya mai kyau ce ta sa ta kira ki a waya, Rifkatu. Kafin rana ta faɗi na ji keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida, na ji takunki, takun da ba na gaisuwa ba, Ayuba na biye. Kika ja ni bayan gida wajen igiyar shanya.

"Baba, me ka yi?"

"Ina wuni dai tukun."

"Ka san irin wahalar da muka sha muna ɓoye mata? Ka san sau nawa na shiga banɗakin asibiti na wanke fuska kafin in fito mata? Sai kai ka zauna ka sa waya ta yi shela, don kawai kana son ka ji Turanci?"

Maganar tana kan harshena. Na haɗiye ta, ta wuce kamar ƙashin kifi. Kika bar ni kika shiga falo, na biyo na tsaya a bakin ƙofa. Na ji kin durƙusa, na ji kin sassauta murya.

"Mama, kin ji abin da wayar nan ta ce ɗazu?"

"Wa, Akawu? Ni da Turanci? Tun safe ubanku ke surutu da ita, ya hana ni barci. Ku yi masa magana."

A gabana aka sayar da ni. Ayuba ya zo ya sa hannu a aljihun rigata ya zare wayar, cikin ladabi, har da cewa Baba yi haƙuri, za a ajiye maka. Har yau ana ajiye mini. Bayan kun tafi na zauna a inda na saba, hannuna na zuwa aljihu yana dawowa.

"Bature," ta ce, "ka yi haƙuri."

"Kin sayar da ni, ko tayi ba ki jira ba."

"Kai za ka iya ɗaukar fushinsu. Ni ba zan iya ɗaukar kukansu ba."

Sauran kun san shi ta gefenku. Da lokacin ɗurin ruwa na gaba ya zo ta ce ta gaji, a bari ta je gida ta sha iska ta ɗan yi ƙiba, sai ta dawo a ci gaba. Kuka yi lallashi, kuka kawo fasto, ta zama tsohuwa mai taurin kai wadda ba ta san abin da take yi ba. Kuka kalli juna, kuka kalle ni. Na ji kallon. Kuka yanke cewa ko ba ta gane Turancin ba, wani abu ya shiga jikinta ranar, ta karaya. Ni dai ban ga karaya ba, kuma ni ke zaune da ita.

Ta sauka a ƙauye da ƙafarta. Lokacin haƙar citta ne, duk garin na ƙamshi har da yaji a hanci. Ta bi gida gida, tana jingina da ni ina jingina da ita, mai ido ba ƙafa, mai ƙafa ba ido, yara na binmu suna dariya. Ta je wurin yayanta, kawunku Dogo, wanda suka yi shekaru ba sa magana a kan iyakar gonar ubansu. Ta zauna a tsakar gidansa ta ce a ba ta faten acca. Ta ci cokali biyu, shi ya cinye sauran yana share hanci, ba a ambaci gona ba. Ta raba zannuwanta, wai sun yi mata yawa a akwati. Ta kai ni bayan gidan kakanku ta ɗora tafin hannuna a jikin bishiyar ɗorawa, ta ce a nan ƙasa ba ta riƙe ruwa. In kun zo ƙarshen mako ta sa a ɗaura mata ɗankwali, ta zauna, ku ce mata mako mai zuwa za a koma asibiti, ta ce in Allah ya yarda.

Ba zan yi muku kwalliya da ƙarshen ba, don ban zo sayar da komai ba. Ya yi muni. Ciwon ya shiga ƙashi sosai, ƙwayoyin da kuka kawo suka daina riƙe shi. Akwai ranakun da ko zane ya taɓa ta sai ta cije leɓe. Ni ne a gefenta, makaho, ban san yadda ake juya mutumin da ƙashinsa ke ciwo ba, ban san ko a ba ta ruwa ko a bari ba in ta kasa haɗiya. Abin da a da sai in danna gefe in tambaya. Na yi ta lalube, wani lokaci in ji na ƙara mata zafi ta hana kanta ƙara don kada in ji. Wannan ban taɓa gaya wa Ayuba ba, ba kuma don ya ji ciwo na rubuta ba. Ko da ta zauna Kaduna ana ɗura mata ruwan za ta ƙara wata ɗaya ko shida, ban sani ba, ba kuma wanda ya sani. Mai yiwuwa kuna da gaskiya a wannan. Abin da na sani shi ne an gaya mata farashi, ta duba, ta saya da idonta a buɗe. Uwarku ba ta taɓa yarda wani ya yi mata cefane ba.

Saura abu ɗaya, Rifkatu, kuma shi ne mai wuya. Zanen zumuntarta, anko ɗin da matan coci ke ɗaurawa, wanda ake shimfiɗa wa mace a kan akwatinta. Kin sha cewa shi ne shaidarki. Kin ce ranar tafiya ta biya ta Barnawa ta ba ki shi ta ce ki ajiye mata, za ta ɗaura a taron mata in ta dawo. Kin ce macen da ta san ba za ta dawo ba ba za ta bar wannan zanen a baya ba, saboda haka ta tafi ne da niyyar dawowa, karayar da na jawo ce ta cinye ta a can. Ina wurin. Na ji kin karɓa, na ji muryarki ta saki a karo na farko cikin watanni, kin ce Mama zan goge miki shi. Tun da safe ta fitar da shi daga ƙasan akwati, ta sa ni na riƙe gefe muka ninke tare. Na tambaye ta me ya sa. Ta ce yarinyar nan ba ta barci, a bar mata abin da za ta yi matashi da shi.

Mota ta tashi, muka bar Barnawa, muka kama hanyar Kachia. Ta jingina kai a kafaɗata, na zaci ta yi barci. Sai da hayaniyar gari ta ragu ta yi magana, a hankali don kada direba ya ji.

"Bature, ka ji yadda ta yarda?"

"Na ji."

"Ta iya ƙarya, yarinyar nan. Amma ba ta kai uwarta ba."

Ga yadda aka yi. Ni tafinta ne kawai, abin da aka faɗa na faɗa. Wanda har yanzu yake da fushi ya kai wa mai shi, kun san inda take kwance.